Daga Kafaɗa Zuwa Ƙugu: Yadda Makami Ya Shige Ƙarƙashin Riga a Kudancin Kaduna

Duk ranar 1 ga Janairu, idan Kagoro ta cika ta batse don bikin Afan, mafarauta ne ke ɗaukar ido. Su shigo fili da kwari a baya, baka a hannu, wasu da tsofaffin bindigogi masu cin albarushi, ana busa ƙaho. Ba wanda ke ja da baya don ya ga makami, domin makamin a fili yake, mai shi sananne ne, an san gidansu, an kuma san wanda ya koya masa riƙo. A zamanin marigayi Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, aka tsayar da bikin a ranar farko ta shekara, amma tushensa ya girme wannan nesa ba kusa ba: godiya ce bayan girbi, da buɗe lokacin farauta.

A garuruwan wannan yanki dai, Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Manchok, yau akwai wani makamin da ba ya fitowa fili: ƙaramar bindiga a soke a ƙugu, riga ta rufe ta. A wayoyin samari kuma akwai bidiyon Amurkawa suna atisayen yadda mutum zai yaye riga ya zaro irin wannan bindiga daga kubenta kafin ƙiftawa da bismilla. Wanda aka taɓa kai wa ƙauyensu hari da tsakar dare ba zai kalli wannan da idon wasa ba, zai ga kamar maganin damuwarsa ne ya samu. Kafin a yarda da haka, yana da kyau a bi sawun yadda makami ya sauko daga kafaɗa ya shige ƙarƙashin riga a wannan yanki, a kuma duba abin da ya zube a hanya.

Ƙarfe ba baƙo ba ne a nan. Garin Nok da ke ƙasar Ham, wanda duniya ta san shi da mutum-mutumin yumɓu, shi ya ba da suna ga al'ummar da ta iya narkar da tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Maƙerin da ke ƙera fartanya shi ke ƙera kan kibiya, kuma a yawancin tarihin yankin hannun da ke noma da damina shi ke farauta da rani.

Ƙarni na 19 ya zo wa mutanen kudu da nauyi. Wajen 1810 aka kafa masarautar Jama'an Dororo ƙarƙashin Zazzau, ga Kauru da Kajuru da Lere, ga Zangon Katab inda fatake ke yada zango. Gaisuwar da ake kai wa Zariya har da bayi a ciki, hare-haren kamu kuwa ba su yanke ba. Mahayin doki yana tafe da mashi da takobi a rataye da hamila. Mutanen Kagoro da maƙwabtansu suka kama duwatsu, inda doki ba ya da amfani, suka dogara ga kibiya mai dafin kwankwani. Yaro ba ya taɓa kibiya mai dafi sai ya daɗe yana harbin ƙadangare da ɓera da sili, sai ya bi manya farauta ya ga yadda ake jeruwa don kada wani ya harbi wani, ya ji yadda ake raba gardama idan mutum biyu suka yi iƙirarin dabba ɗaya. Shugaban farauta ne ke faɗin ranar fita da ranar dawowa. Wanda ya saɓa, akwai tara, akwai kuma kunyar da ta fi tara ciwo.

Makamin da ya fi kama da ƙaramar bindigar yau shi ne wuƙar damtse, wadda Buzaye da fatake da Hausawa da yawa ke ɗaurawa a hannun hagu, hannun riga ya sauko ya rufe ta. An yi ta ne don a zare da sauri idan abu ya taso ba shiri. Aikin baduku ne ya ɗinka kuben da bai matse ba har ta ƙi fita, bai kuma sake ba har ta zube a kan hanya. To amma duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaura ta ya san cewa rabin tarbiyyar ba ta zarewa ba ce, ta bari a kube ce. Zare wa mutum wuƙa a kasuwa laifi ne ko ba a soke shi ba. Malamai na karantar da hadisan da suka hana miƙa takobi tsirara, suka hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, suka umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Da bishara ta shigo yankin a ƙarni na 20, Kiristoci suka tarar a cikin Linjila cewa Almasihu ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube a daren da aka kama shi. Addinan biyu da al'adar da suka tarar, kowanne ta hanyarsa, sun tsaya a kan hannun da ke kai wa ga makami, ba a kan makamin kaɗai ba.

Bindiga ta makara kafin ta iso. A shekarun 1890 ne Sarkin Zazzau Yero ya tara rundunar 'yan bindiga, wadda ɗansa Kwasau ya gada ya yi ta kai yaƙi kudu da ita. Mutanen Atyap har gobe suna tuna jarumi Marok Gandu, wanda aka kama aka kashe a 1902. Amma bindigar talaka, wato adaka ko harba-ka-ruga, makami ce mai nawa. Sai an ɗura albarushi ta baki, a danna, a zuba dalma ko guntun ƙarfe, a sake dannawa, sannan a samu harbi ɗaya tak. Ba ta shiga aljihu, ba ta ɓoyuwa a riga. Wanda ya fusata a dandali sai ya je gida ya ɗauko ta, ya tsaya ɗuri, ya dawo, kuma a tsakanin nan uwa ta riƙe shi, maƙwabci ya tare ƙofa, zuciya ta sauka. Wannan jinkiri ya ceci rayukan da ba wanda ya ƙidaya. Turawa ma sun taimaka wajen tsayar da Afirka a kan irin wannan bindiga, ba don tausayi ba: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa, alhali sojojin mamaya na tafe da bindiga mai ruwa.

A ƙugun Bature mutanen kudancin Zazzau suka fara ganin ƙaramar bindiga. Daga 1905 sojojin Ingila suka yi ta hawa duwatsun Kagoro suna ƙone garuruwa don tilasta biyan haraji, hafsa na gaba da libarba a kuben fata. Ɗaya daga cikinsu, Manjo Tremearne, ya fitar da littafi a 1912 mai suna na cin mutunci, inda ya siffanta mutanen yankin da masu jela masu farautar kawuna, bai ga cewa shi ne ya zo musu da wuta har gida ba. Libarba a wancan zamani alamar muƙami ce. Ɗan dokan En'e kulki yake riƙewa, dogari bulala. Ko sojan ƙasa baƙar fata doguwar bindiga ake ba shi, ya mayar ma'ajiya idan an tashi aiki.

Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927, garin ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, a farkon shekarun 1930 kuma fadar Jama'a ta dawo nan, a ƙasar Fantswam. Ibo da Yarabawa da Hausawa da mutanen Bini suka cika bariki da kasuwa. Bayan 1945 tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a Bama suka dawo, kuma tun daga lokacin aikin soja ya zama sana'ar gidaje da dama a kudancin Kaduna. Wannan yanki bai taɓa rasa mutanen da suka san bindiga ciki da waje ba. Abin lura shi ne sun dawo da horon, sun bar bindigar a bariki.

Dokar makamai da ta fara aiki a 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi bayan gyare-gyare, ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin na mafarauta, suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta sai da lasisin Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan ne mutane da yawa ke mamaki: fistol da libarba suna layi ɗaya da bam da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Ma'ana, abin da Ba'amurke ke atisaye a kai a matsayin haƙƙinsa, a Kafanchan laifi ne tun kafin a kai ga zarewa. A ganina masu dokar sun hango daidai. Doguwar bindiga tana sanar da kanta, kuma tana da aiki a gona da daji. Ƙarama ba ta kashe gwanki, ba ta korar biri daga masara. Aikinta ɗaya ne, a kan mutum, daga kusa, ba tare da ya sani ba.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya fasa wannan shinge. Makamai suka bazu, fashi da makami ya zama ruwan dare, har gwamnatin Gowon ta kafa dokar kisa ga 'yan fashi a 1970. An harbe Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971, an harbe Anini a Bini a 1987, fashi bai tsaya ba. Maƙera a sassa da dama suka gano cewa bututun ƙarfe da kunama sun fi garma kawo kuɗi, fistol ƙirar gida mai cin harsashi ɗaya ko biyu ta shiga kasuwa.

Sai rikice-rikicen da suka sauya yankin. Na Maris 1987 ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, kuma makamansa galibi adda ne da gora da fetur da ashana. Na Zangon Katab, a Fabrairu da Mayun 1992, ya taso kan sauya wa kasuwa wuri, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya ƙare da kotun Mai Shari'a Okadigbo da hukuncin kisa kan Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu, wanda daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. A 1999 Kafanchan ta sake kamawa kan naɗin sabon sarki. A 2000 rikicin shari'a a Kaduna. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, kuma Zonkwa da Matsirga da Kafanchan na cikin inda abin ya fi muni, kasuwar Kafanchan ta ƙone ƙurmus. A shekarar ce kuma gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka tsiyaye cikin Sahel. Zuwa ƙarshen 2016, lokacin hare-haren Godogodo da Goska da dokar hana fita ta awa 24 a Jama'a da Kaura da Zangon Katab, AK-47 ce ke magana.

Kowane rikici ya bar darasi guda a zukatan kowane ɓangare, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi: jami'an tsaro sun zo a makare, gobe kada a same mu hannu rabbana. Ba na zargin wanda ya binne 'ya'yansa don ya yi wannan tunani. Sai dai makamin da aka saya a ɓoye, a ɓoye ake ajiye shi, ba dattijon da zai tsawata a kai, ba wanda zai koyar da riƙonsa a fili. Nan ne tsohon tsari ya yanke. A da makami na zuwa ne bayan horo. Yanzu shi ke fara zuwa, horon kuwa sau da yawa ba ya zuwa sam.

Shi wancan atisaye na Amurka yana da nasa tarihin, kuma ya kamata mai kallonsa a waya ya san shi. Ya faro ne daga 'yan sanda. Fairbairn da Sykes, jami'an 'yan sandan Shanghai, sun tattara abin da suka koya a titunan birnin suka fitar da littafi a 1942. Jeff Cooper ya buɗe makarantar harbi a Arizona a 1976, ya kuma yaɗa ƙa'idojin da duk mai koyo ke haddacewa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin hallakawa, yatsa ya nisanci kunama sai an yi niyyar harbi, a kuma san abin da ke bayan abin da ake hari. A 1983 wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan lokacin da ƙwararre ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Daga nan sauri ya zama abin aunawa da agogo. Jihar Florida ta sauƙaƙa lasisin ɓoye bindiga a jiki a 1987, wasu jihohi suka bi, a 2022 kuma Kotun Ƙoli ta ce ɗaukar bindiga a wajen gida haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Yau fiye da rabin jihohin ba sa ma neman lasisi.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da ke bayan mai atisayen: filin harbi mai rajista, malami mai takarda, kube da aka ƙera daidai da bindigar har ya rufe kunama, harsashin kamfani, da lauya da kotun da za su bi diddigin kowane harsashi da ya fita. Malaman da kansu suna cewa lokacin zarewa da lokacin mayarwa ne aka fi harbin kai a cinya. Duk da wannan tanadi, a 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. To ina ga fistol ƙirar gida, marar makulli, a soke a wando ba kube, a jikin saurayin da bai taɓa harba ta da rana a gaban malami ba?

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan muhimmanci: wane hari ne wannan ƙwarewa ke karewa? An tsara ta ne don mutum ɗaya da ya tare ka a wurin ajiye mota, taku kaɗan tsakaninku. Harin da ke hana Kaura da Zangon Katab da Kajuru barci ba haka yake ba. Mutane ne da yawa, cikin dare, da manyan bindigogi masu cin nisa, sun kewaye gari kafin kare ya yi haushi. Ƙaramar bindiga ba ta da abin cewa a wannan fage, komai saurin hannun mai ita. Inda take aiki shi ne mashaya, da taron siyasa, da rigimar fili tsakanin 'yan'uwa, da faɗan 'yan ƙungiyar asiri, da shingen hanya ranar da gari ya rikice. Wato tana kashe wanda aka sani, ba wanda ake tsoro ba. A gari irin Kafanchan, inda gardamar mutum biyu kan iya zama ta addini biyu kafin la'asar, duk abin da ya rage tazara tsakanin fushi da harbi haɗari ne ga kowa.

Hukuma ta yi ta magana da baki biyu. A Maris 2018 Janar T. Y. Danjuma ya faɗa wa jama'a a Jalingo su tashi su kare kansu, a daidai lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ke ba da umarnin ƙwace haramtattun makamai a duk jihohi. A Yunin 2022 Gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, 'yan sanda suka ce ba su bayarwa. A 2023 Sufeto Janar Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi, a shekarar kuma dakarun Operation Safe Haven suka bankaɗo wata maƙerar bindigogi a cikin Kafanchan. An kafa cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, aka ba ta doka a 2024. Talaka na jin wannan duka, ya ga an hana shi ta ƙofa, an bar taga a buɗe.

Abin da ya fi kusa da mafita, a nawa ganin, ya riga ya fara tsiro, sai dai bai samu ban ruwa ba. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, shaidar cewa shugabannin yankin na iya zama a tabarma ɗaya. A shekarar ce jihar ta yi dokar rundunar 'yan sintiri, a 2023 kuma Gwamna Uba Sani ya ɗauki mutum 7,000 aka kai su horo Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Ga ƙungiyoyin mafarauta da sarakunansu, ga tsofaffin sojoji da 'yan sanda a kusan kowace gunduma, mutanen da suka san cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za a riƙe makami don tsaron gari, to ya zama dogo, a fili, mai lamba, a hannun wanda mai unguwa da hakimi suka tsaya masa, rundunar kuma ta haɗa Bajju da Bahaushe da Bafulatani da Atyap a sintiri ɗaya, don kada ta zama rundunar wani ɓangare.

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, kuma tun Fabrairun 2024, da Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi, ake ta muhawara kan gyara shi. Idan gyaran ya tabbata, za a miƙa bindigogi ga dubban sababbin hannaye a Kaduna. Tun yanzu ya kamata sarakuna da limamai da fastocin kudancin jihar su nemi a rubuta a doka wata nawa za a yi ana horo kafin a ba mutum harsashi, wa zai riƙe makullin ma'ajiya a Kafanchan da Kachiya, wane littafi za a sa wa hannu da safe da yamma, da kuma gaban wa iyaye za su kai ƙara ranar da aka ce musu bindiga ce ta tashi bisa kuskure.